Yadda Riesz da Haar suka kafa makarantar lissafi a Szeged

Yarjejeniyar Trianon ta 1920 ta raba Hungari da yankin Transilbaniya, aka miƙa shi ga Romaniya, har da birnin Kolozsvár da jami'arsa da aka kafa tun 1872. Malaman jami'ar suka tattara nasu ya nasu, suka ɗan yada zango a Budapest, a 1921 aka tsugunar da su a Szeged, bakin kogin Tisza. Ɗakin karatu kuwa a Kolozsvár ya tsaya.

Cikin waɗannan malamai akwai Frigyes Riesz da Alfréd Haar. Riesz ba ƙaramin masani ba ne ko a lokacin. Tun 1907 sunansa ya fita, shi da Ernst Fischer, kowa da nasa binciken, a kan wani sakamako da ya ba masana damar ɗaukar dukan wata ƙa'idar lissafi a matsayin ɗigo guda cikin sarari mai fuskoki marasa iyaka, har a auna tazara tsakaninta da wata. Amma malami komai zurfinsa yana buƙatar sanin abin da takwarorinsa ke rubutawa, ga shi babu kuɗin sayen mujallun waje.

Dabarar da suka yi ita ce ta fi burge ni. A 1922 suka fara buga tasu mujallar, wadda aka sani yau da Acta Scientiarum Mathematicarum. Sai su aika da ita ƙasashe, a aiko musu da mujallun can, ba ni gishiri in ba ka manda. Da haka kantocin da ke wayam suka cika. Musayar ta yi armashi ne don kayan na kirki ne, har irin su John von Neumann sun buga aikinsu a ciki. Sashen lissafin jami'ar ya zama abin da ake kira Cibiyar Bolyai.

Haar ya rasu a 1933, shekarar da ya fitar da ma'aunin da ake kira da sunansa. Riesz ya koma Budapest bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya bar Béla Szőkefalvi-Nagy riƙe da ragama. Su biyun suka wallafa babban littafinsu da Faransanci a 1952, aka fassara shi harsuna da dama. Daga baya Nagy ya shafe shekaru yana aiki da Ciprian Foiaș, masani daga Romaniya, kuma yawancin takardunsu a mujallar Szeged suka fito.