Tangaran ɗin jeren kakanninmu: daga ina ya fito?

Masu saurarenmu na Dogo da kewaye, yau hirar tamu ta kayan jere ce.

Kakanninmu a akushi da ƙwarya suka ci tuwo, ruwa kuma a tulun Mirya. Mai hali ke jera tasa ta tagulla. A zamanin Sarki Tanimun, kayan Turai ta hamada suke iso Damagaram daga Tarabulus, kuma abin da ke fashewa ba ya son bayan raƙumi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai hanya ta juya kudu. Kantunan Turawa irin su John Holt suka cika, fatake suka riƙa hauro da langa da kwanon sha, jefi-jefi da tangaran.

To shi tangaran asalinsa na Sin ne. Turawa sun daɗe suna saye da tsada kafin su gano sirrinsa a Jamus, inda aka buɗe masana'anta a Meissen a 1710. Ingila ta bi tata hanya: wajajen 1790, gidan Spode a garin Stoke-on-Trent ya gyara wani haɗi na farin yumɓu da tokar ƙashin shanu, kusan rabi ƙashi ne. E, ƙashin shanu dai! Shi ya sa in kun ɗaga irin wannan faranti a rana za ku ga inuwar yatsunku ta bayansa.

Zanen ma iri biyu ne. Akwai na hannu, fure bai cika yin daidai da ɗan'uwansa ba. Akwai na bugu, wanda Ingilishi suka fara tun shekarun 1750: a sassaƙa zane a tagulla, a shafa launi, a ɗauke shi da takarda a manna, a gasa. Wannan ne ya karya farashi, amma a ganinmu na hannu ya fi rai.

Abin da ke damunmu, in tsohuwa ta rasu, sau da yawa a kan zubar da jerenta a hannun 'yan gwangwan a kan kuɗin goro, a sayo roba. Kafin ku sayar, ku kifa farantin ku duba gindinsa. In an rubuta "England" kawai, galibi daga 1891 ne zuwa gaba, lokacin da dokar Amurka ta tilasta sa sunan ƙasa. "Made in England" kuwa ya fi yawa bayan 1920.