Mongoliya: Abin da ya kamata dattijo ya sani kafin ziyartar ƙasar makiyaya

Mongoliya ƙasa ce da ke tsakanin Rasha daga arewa da Sin daga kudu, ba ta da gaɓar teku ko kaɗan. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita miliyan 1.56, wato ta ninka Najeriya sau ɗaya da rabi har da ɗoriya, amma al'ummarta kimanin miliyan 3.5 ne kawai, adadin da bai kai na mazauna birnin Kano ba. Kusan rabinsu suna zaune ne a Ulan Bator, babban birnin ƙasar. Sauran ƙasar fili ne fetal na ciyawa da duwatsu da hamada, inda makiyaya kimanin 300,000 ke kiwon dabbobi fiye da miliyan 50.

Wannan rayuwa ta makiyaya ita ce babban abin da ke janyo baƙi, waɗanda yawansu ya haura rabin miliyan a 2023. Daga cikinsu akwai masu shekaru 60 zuwa sama, galibi waɗanda suka yi ritaya, da ke zuwa cikin ƙaramin ayari na mutum shida zuwa goma sha biyu, tare da ɗan jagora mai yin tafinta da direbobi, su yi kwana goma zuwa mako biyu. A irin wannan tafiya, abin da ke raba wanda ya dawo da daɗin rai da wanda ya dawo da jinya shi ne yawan sa'o'in da aka shafe a mota da kuma nisan da ke tsakanin masauki da asibiti. Yawan wuraren da aka jera a takardar talla ba shi ne ma'auni ba.

Dalilin da ya sa ayarin yake ƙarami

Dalili na farko shi ne hanya. Titunan kwalta sun haɗa Ulan Bator da hedikwatocin larduna, amma da zarar an sauka daga kansu sai sawun taya a kan ciyawa da tsakuwa, wani lokaci sawu biyar ko shida a jere, direba ya zaɓi wanda ya fi masa. Babbar bas ba ta shiga nan. Motocin da ake amfani da su su ne Toyota Land Cruiser da ƙaramar bas ƙirar Rasha mai suna UAZ, wadda ta yi suna wajen juriya kamar yadda ta yi suna wajen jijjiga fasinja. A gargada mota ba ta cika wuce kilomita 30 zuwa 40 a sa'a ba, don haka nisan da bai fi na Kano zuwa Kaduna ba yana iya cinye wuni guda. Mai ciwon baya ko gwiwa ya kamata ya tambayi irin motar da kuma mutum nawa za a zuba a cikinta. Uku ko huɗu a Land Cruiser shi ne daidai.

Dalili na biyu shi ne gidan makiyayi. Ana kiransa ger: ɗaki ne guda ɗaya zagayayye, bangonsa sanduna ne da aka sassaƙa aka sarƙe su, an lulluɓe su da bargon ulu mai kauri, da murhu a tsakiya da ginshiƙai biyu masu riƙe da rufin. Iyali suna iya kwance shi su sake kafa shi cikin 'yan sa'o'i, kuma suna yin haka sau da dama a shekara gwargwadon yanayi. Ɗaki irin wannan yana ɗaukar baƙi takwas a yi hira. Idan suka kai talatin, an tashi daga ziyara an koma kallo, matar gida kuma ta bar tatsar safe ta koma dafa shayi.

Shiga gidan makiyayi

Ƙofar ger kullum kudu take kallo, kuma gajera ce ƙwarai, dole babba ya sunkuya. Ba a taka dokin ƙofa, tsallake shi ake yi. Ba a ƙwanƙwasawa. Sallamar gargajiya ita ce baƙo ya ɗaga murya daga nesa ya ce a riƙe kare, kuma ba wasa ba ne, domin karnukan makiyaya manya ne masu tsaron garke. Baƙo yakan bi ta hagu ya zauna a ɓangaren yamma. Ƙuryar arewa, wadda ke fuskantar ƙofa, ita ce wurin girma, a nan ake ajiye hotunan iyaye da kayan ibada, kuma a kusa da nan ake zaunar da wanda ya fi kowa shekaru. A wannan fanni dattijo ya fi matashi riba: furfura tana da daraja a wurin Mongolawa, har a bikin sabuwar shekararsu yaro yakan tallafi gwiwar hannun babba yayin gaisuwa.

Ana karɓar abu da hannun dama ko da hannu biyu. Ba a jingina da ginshiƙan tsakiya, ba a miƙe ƙafa wajen murhu ko ƙuryar arewa, ba a jefa shara a wuta. Abin da za a fara miƙo wa baƙo shi ne shayin madara mai gishiri da busasshen cuku mai suna arul, wanda taurinsa ya isa ya karya haƙorin roba, gara a tsotse shi. Ƙin karɓa rashin ladabi ne, amma karɓa a kurɓi kaɗan a ajiye ya wadatar.

Dabbobin da ake kiwo iri biyar ne: dawaki, shanu, raƙuma, tumaki da awaki, a cikin shanun har da yak mai dogon gashi na yankin tsaunuka. Raƙumin can mai tozo biyu ne. Kundin tsarin mulkin 1992 ya sanya dabbobi cikin dukiyar ƙasa da ke ƙarƙashin kariyar gwamnati, kuma bai yarda wani ya mallaki makiyaya a matsayin filinsa ba. Wannan ne ya sa matafiyi zai yi ɗaruruwan kilomita bai ga shinge ba, abin da zai ba duk wanda ya san rikicin burtali da gonaki a Arewa mamaki.

Sai dai koren filin da baƙo ke gani a Yuli rabin labarin ne. Akwai bala'in da suke kira zud, wato hunturu mai tsanani da ƙanƙara ke rufe ciyawa dabbobi su kasa kaiwa gare ta. Na 2023 zuwa 2024 ya kashe dabbobi fiye da miliyan 7, kuma iyalan da garkensu ya ƙare su ne ke kafa ger a gefen Ulan Bator suna neman aikin ƙwadago. Saboda haka kuɗin baƙi yana da amfani ga makiyayi, kuma tambaya ce mai kyau a yi wa kamfanin tafiya: nawa ne ke isa hannun iyalin da za a ziyarta?

Inda ake zuwa

Mafi sauƙi ga dattijo shi ne kewayen babban birnin. Gandun Terelj da mutum-mutumin Jengis Khan mai tsawon mita 40 suna gabas, tafiyar da ba ta kai sa'a biyu ba. Gandun Hustai yana kimanin kilomita 100 yamma, inda aka dawo da dokin daji mai suna taki a 1992 bayan ya ɓace daga dajin ƙasar.

Kwarin Orkhon, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2004, yana da nisan kilomita 360 a kan kwalta. A nan ne Karakorum take, hedikwatar daular da Jengis Khan ya kafa a 1206, ko da yake abin da ya rage na birnin kaɗan ne. Abin da ake gani a tsaye shi ne Erdene Zuu, gidan ibadar mabiya Buda da aka gina a ƙarshen ƙarni na 16.

Hamadar Gobi ita ce ta fi suna, ita ce kuma ta fi wahala. Garin Dalanzadgad ya haura kilomita 500 daga Ulan Bator, kuma jirgin sama yana rage wannan zuwa sa'a ɗaya da rabi. Amma daga nan zuwa tuddan rairayi na Khongor akwai wasu kilomita 180 na gargada. A Bayanzag ne tawagar Ba'amurke Roy Chapman Andrews ta tono ƙwayayen dainoso a 1923. Tsarin da ya haɗa Gobi ta kudu da Tafkin Khovsgol na arewa cikin kwana goma a mota bai dace da mai shekaru ba. Wanda ya fi shi ne yanki biyu kawai, kwana biyu-biyu a kowane masauki, da jirgi a inda ya samu.

Ga baƙo Musulmi, lardin Bayan-Olgii da ke ƙuryar yamma yana da matsayi na daban. Mafi yawan mazaunansa Kazak ne, Musulmi, akwai masallatai, kuma su ne suka shahara da farauta da gaggafa. Ana bikin gaggafar a farkon Oktoba, lokacin da sanyi ya riga ya kama, kuma garin Olgii ya fi kilomita 1,600 daga babban birnin.

Lokaci da masauki

Damina ce lokacin zuwa, daga Yuni zuwa farkon Satumba. A Janairu sanyi yakan kai digiri 30 ko 40 ƙasa da sifili. Ko a Yuli, ranar da ta yi zafin digiri 30 tana iya ƙarewa da daren da sai an hura murhu, domin ƙasar tudu ce: Ulan Bator tana mita 1,300 sama da teku, kusan daidai da Jos. Bikin Nadam na 11 zuwa 13 ga Yuli, mai kokawa da sukuwa da harbin baka, shi ne lokacin da masauki ya fi tsada da cunkoso. Ƙananan bukukuwan Nadam na ƙauyuka sun fi dacewa da dattijo, domin yana zaune a kujera dab da 'yan kokawa.

Yawancin dare ana yin sa ne a sansanin ger na baƙi, mai gadaje da ɗakin cin abinci. A mafi yawansu banɗaki yana wani gini dabam, tafiyar mita hamsin ko ɗari a cikin duhu da sanyi. Ga mai tashi fitsari sau uku a dare wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai sansanonin da ke da banɗaki a haɗe da ɗaki, suna da tsada kuma suna cika da wuri. A gidan makiyayi kuwa rami ne a bayan fili, ko filin kansa. Wutar lantarki a wurare da dama ta janareta ce ko ta hasken rana na 'yan sa'o'i, abin da mai ajiye allurar insulin ko mai kwana da na'urar numfashi ya kamata ya sani tun yana gida.

Abinci da ibada

Abincin ƙasar nama ne da madara da fulawa, ganye kaɗan ne. Yankan gargajiya na Mongolawa ba a wuya ake yi ba: ana tsaga ƙirjin tunkiya a sa hannu a tsinke jijiyar zuciya, don kada jini ya zuba ƙasa. Musulmi kaɗan ne, kimanin kashi 3 cikin 100, don haka a wajen Bayan-Olgii da wasu gidajen abinci na Ulan Bator, naman halal sai an tsara shi tun da wuri. A ƙaramin ayari ana iya sayen rago daga makiyayi a nemi izinin yanka shi da hannu, ko a taho da nama daga birni. Airag, tsimammen nonon goɗiya da ake alfahari da shi, yana ɗauke da barasa kaɗan. Ya isa a karɓi ƙwaryar da ladabi a mayar, tafinta ya yi bayani. Ɗanyar madara da ba a tafasa ba abar gudu ce. Haka naman tarbagan, wata dabba mai kama da gafiya da ke ɗauke da annoba. A 2019 ta kashe wasu ma'aurata a Bayan-Olgii bayan sun ci shi ɗanye.

Alƙibla a Mongoliya yamma take, ba gabas ba. Wanda ya shiga ger, tana hannunsa na hagu, wato ɓangaren da ake zaunar da baƙi. A ƙarshen Yuni rana takan kai sa'a 16 a sama, asuba ta yi sammako, lisha ta yi dare sosai. Agogon Ulan Bator yana gaban na Najeriya da sa'a bakwai, abin da ke rikita barci da lokutan shan maganin hawan jini da na suga, sai an tsara su da likita.

Lafiya, takardu da tsaraba

Asibitocin da ke iya kula da bugun zuciya ko karaya mai tsanani suna Ulan Bator, wasu lokuta ma sai an wuce da mara lafiya Seoul ko Beijing. Daga tsakiyar Gobi, isa asibitin lardi kaɗai yana iya ɗaukar rabin wuni, kuma layin waya yana ɗaukewa da an yi nisa da gari. Saboda haka inshorar da ta ƙunshi ɗauko mara lafiya da jirgi wajibi ce, kuma a karanta sharuɗɗanta, domin da yawa suna da iyakar shekaru ko suna cire cutar da mutum ya daɗe da ita. A tambaya ko ayarin yana da wayar tauraron ɗan'adam da mota fiye da ɗaya. Hawan doki yana cikin abubuwan da suka fi jawo wa baƙi rauni. Dokin Mongoliya gajere ne amma mai saurin firgita, ta hagu ake hawansa, kuma ba kowace inshora ke biyan wanda ya faɗo ba. Babu abin kunya a ce an yafe.

Daga Najeriya babu jirgi kai-tsaye. Hanyar da ta fi miƙewa ita ce ta Istanbul, a sauka a filin jirgin Chinggis Khaan da aka buɗe a 2021, kimanin kilomita 50 kudu da birnin. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza, kuma a kammala ta kafin a biya kuɗin da ba a mayarwa. Kuɗin ƙasar tugrik ne. Kati yana aiki a birni, a karkara sai tsaba.

Mongoliya ce ta biyu a duniya bayan Sin wajen samar da gashin akuya mai laushi na kashmiya, kuma rigunan sanyi da mayafansa su ne tsarabar da ta fi tafiya. Abin da doka ta hana fitarwa shi ne ƙasusuwa da ƙwayayen dainoso, da kayan tarihi marasa takardar izini. Hukumomin ƙasar ba sa wasa da wannan: a 2013 Amurka ta mayar musu da ƙwarangwal ɗin wani dainoso da aka yi gwanjonsa a New York kan fiye da dala miliyan ɗaya, wanda ya yi fasa-ƙwaurinsa kuma ya sha ɗauri.