Cutar tsatsa a ganyen hatsi, gujiya, wake da aya: yadda ake gane ta

Jama'a masu saurarenmu a Gangara, Tanut, Belbeji da sauran garuruwan Damargu, da ƴan uwa da ke Agadas, Kano, Libiya ko Aljeriya, ga bayani kan cutar da ake kira tsatsa. Wata irin funfuna ce mai rayuwa a jikin ɗanyen ganye kaɗai. Takan fito kamar ƙananan ƙuraje, su fashe su zubar da gari ja ko ruwan ƙasa, irin na tsohon ƙarfe. Garin nan shi ne irinta, iska ke ɗaukar shi daga gona zuwa gona. Tana son raɓa da laima, don haka an fi ganin ta a ƙarshen damina, wajen Satumba da Oktoba, ko a garakan da ake ban ruwa.

Gwajin farko

A juya bayan ganye a shafa da yatsa ko farin ƙyalle. In jan gari ya biyo, tsatsa ce. In tabo ne kawai babu gari, to wata cuta ce. Kada a haɗa ta da kuturtar hatsi, wadda ke sa farin gari a ƙarƙashin ganye, ta mayar da zangarniya ganyaye. Burtuntuna kuwa ƙwayar hatsi take ci, ta cika ta da baƙin gari.

Kowace shuka da tata

Masana sun ƙidaya ire-iren tsatsa fiye da 7,000 a duniya, kuma kowace na da shukar da take kamawa. Ta gujiya ba ta cin hatsi, ta hatsi ba ta cin wake.

Ta hatsi sunanta Puccinia substriata. Takan fara daga ganyen ƙasa ta hau sama. In ta zo bayan ƙwaya ta yi nauyi, asarar ba ta da yawa, sai dai ta rage darajar kara ga dabbobi. In ta riga fitar kai, nan ne ƙwaya ke ƙanƙancewa. Shi ya sa shukar baya ta fi shan wuya.

Ta dawa ita ce Puccinia purpurea, ƙurajenta ja ne mai duhu, kamar an yayyafa jini.

Ta gujiya ita ce Puccinia arachidis. Asalinta Kudancin Amurka ne, ta bazu a Afirka cikin shekarun 1970. Ganyen da ta kama yakan bushe amma ya zauna a jikin reshe. In kun ga ganye na zubewa da baƙin tabo, to cutar tabon ganye ce.

Ta wake daga wani gida take, ana ce mata Uromyces vignae. Tana ɓata harawa, abin da mai tumaki ya dogara da shi da rani.

Ta aya ita ce Puccinia canaliculata. Aya, wadda manoman jihar Maradi suka shahara da nomanta, ciyawa ce mai takura wa manoma a Amurka. Cikin shekarun 1980 masana a jihar Jojiya sun gwada yaɗa wannan tsatsa da gangan don su kashe ta. Abin da yake magani a can, ciwo ne ga mai gonar aya a nan.

Masu gida biyu

Wasu ire-iren tsatsa ba sa kammala rayuwarsu sai sun bi ta shuka biyu da ba su da dangantaka. Bajamushe Anton de Bary ne ya tabbatar da haka a 1865, a kan tsatsar alkama da wata ƙaya da Turawa ke kira barberi. Daga 1918 Amurka ta shiga tumɓuke ƙayar don ceton alkamarta. A Turai akwai Puccinia caricina, mai kai da komo tsakanin ciyayin fadama dangin aya da wasu ƙananan itatuwan lambu masu ƴaƴa, da masana ke kira Ribes. Tsatsar hatsi ma haka take: gidanta na biyu dangin yalo da gauta ne, inda take fitowa kamar ƙananan kofuna masu ruwan ɗorawa a bayan ganye. Ta wake kuwa gida ɗaya ya ishe ta.

Yadda masana ke rarrabe su

Da farko sai a san shukar da aka samu cutar a kanta. Sannan a duba garin da madubin ƙara girma: irin ƙarshen damina na gidan Puccinia ɗaki biyu gare shi, na gidan Uromyces ɗaki ɗaya. In biyu sun yi kama sosai, akan shafa garin a kan lafiyayyar shuka a ga ko za ta kamu, ko a gwada ƙwayoyin gado da ake kira DNA. Binciken hatsi a ƙasarmu yana hannun INRAN da cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai.

Abin yi

Maganin fara ko na tsutsa ba ya kashe tsatsa, don ba ƙwaro ba ce. Maganin da ake cuɗa iri da shi don kuturtar hatsi ma ba zai tare garin da iska za ta kawo bayan wata biyu ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne shuka da wuri, neman iri mai juriya, tuge gyauron gujiya da na hatsi, da lura da ganyen yalo a garkar da ke kusa da gona.

In kun ga alama, ku tsinko ganye uku ko huɗu, ku sa a tsakanin takarda, ban da leda don tana ruɓar da shi, ku kai wa malamin gona tare da sunan gari da ranar da aka shuka. Ku kuma ƴan uwa da ke waje, in an kira ku ana neman kuɗin feshi, ku ce a turo hoton bayan ganyen ta WhatsApp, a nuna wa malamin gona tukuna. Allah Ya ba mu damina mai albarka.