Juya Siffa a Ƙwaƙwalwa: Darasin da Aka Bari a Baya

A jarrabawar shiga manyan makarantu, wadda a Nijar ake kira kwankur, akwai wata irin tambaya da ba ta neman hadda. Za a zana kwali a warware, a ce ɗalibi ya zaɓi akwatin da zai fito in an naɗe shi. Ko a nuna siffa biyu, ta biyun a karkace, a tambaya ko ita ce ta farko. Lokaci ƙayyadadde ne. Ɗalibin Agiye, Gazawa ko Gidan Rumji yakan ɗauka wannan baiwa ce ta ƴan birni. Hujjata ita ce koyonta ake yi, kuma yaron karkara yana da tushenta tun daga gida.

A 1971 Roger Shepard da Jacqueline Metzler suka nuna cewa gwargwadon yadda aka karkata siffa, gwargwadon jinkirin mutum kafin ya gane ta. Wato ƙwaƙwalwa juya hoton take yi sannu a hankali, kuma juyin yana cin lokaci. Saboda haka dabara ta farko ita ce a rage juyin. Kada ɗalibi ya ɗauki siffar gaba ɗaya; ya kama alama guda, kusurwa ko ɗigo, ya duba abin da ke damanta da hagunta. In dama ta koma hagu, to hoton madubi ne, kuma nan ne tarkon da masu shirya tambaya suka fi ɗanawa. A warwararren akwati mai fuska shida kuwa, fuska biyu da ke layi ɗaya da wata a tsakaninsu, kishiyoyi ne: ba za a taɓa ganin su tare ba. Wannan ƙa'ida kaɗai takan kawar da wasu amsoshin tun kafin a fara naɗi a zuci.

Nazarin da David Uttal da abokan aikinsa suka wallafa a 2013, wanda ya tattara bincike sama da 200, ya tabbatar horo na ƙara wannan basira, kuma ƙarin yana ɗorewa.

Abin da ke damuna shi ne ana barin abin da ke hannu. Yarinyar da ke saƙar tabarma da kabar Gulbin Kaba tana ganin zanen kafin ya fito. Mai dara yana hango motsi uku a gaba. Abin da ya rage musu shi ne sabo da takarda, inda aka matse abu mai kauri ya zama layuka, sai kuma sabo da agogo.

Malaman kolej da lise na waɗannan gundumomi uku, kwalin ashana da almakashi sun isa. Ku sa ɗalibi ya faɗi amsarsa tukuna, sannan ya naɗe kwalin ya gani da idonsa, kuna riƙe masa lokaci.