Zango a fili a gabashin Sudan: daga Gadarif zuwa Butana da duwatsun Kasala

Zango a fili shi ne matafiyi ya sauka ya kwana a daji, nesa da gari, inda babu masauki, babu lantarki, babu famfo, kuma ba wanda zai karɓi kuɗin kwana a hannunsa. Kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, Turawan da ke ratsa Afirka da mota ko babur daga Masar zuwa Habasha sun san Sudan a matsayin ƙasar da mutum zai kauce daga kwalta, ya kafa tanti a gindin dutse, ya kwana ba wanda ya tsangwame shi. Ga Hausawan Gadarif da Kasala kuwa wannan ba sabon abu ba ne, domin da irin wannan zangon kakanninsu suka iso ƙasar a kan hanyar Makka. Sai dai filin da ake kwana a cikinsa kyauta yana da masu shi, yana da ƙa'ida, yana kuma da lokacin da ba a shigarsa.

Yanayin ƙasar

Garin Gadarif, mai nisan kimanin kilomita 410 daga Khartum, ba a cikin hamada yake ba. Yana zaune ne a kan baƙar ƙasar laka mai tsagewa da rani, irin wadda ake kira firki a Barno, kuma yana samun ruwan sama kusan milimita 600 a shekara. Tun a shekarun 1940 aka fara noma da tarakta a kewayensa, har jihar ta zama rumbun dawa da riɗi na Sudan.

Idan aka nausa arewa sai ruwan sama ya riƙa raguwa, a shiga Butana, shimfiɗaɗɗen filin da ke tsakanin Kogin Nilu da reshensa da ke gangarowa daga Habasha ta Sinnar da kuma Kogin Atbara. Ƙasar Larabawan Shukuriyya ce, masu kiwon raƙuma da tumaki. Garin Gadarif ma a da ana kiransa Suk Abu Sin, da sunan gidan sarautarsu. Nan da can duwatsu ke tsaye su kaɗai a tsakiyar fili. Akwai na Faw a kan hanyar Wad Madani, akwai kuma Jabal Ƙaili, inda aka sassaƙa siffar wani sarkin Marawi mai suna Shorkaror kimanin shekara dubu biyu da suka wuce.

Arewa maso gabas, kilomita ɗari biyu da 'yan kai daga Gadarif, akwai Kasala kusa da iyakar Eritiriya. A bayan garin manyan duwatsun Taka da Totil da Awaitila suke, sumul kamar an goge su, ana hango su tun daga nesa. A gindinsu masallacin ɗariƙar Khatmiyya yake, da rijiyar Totil wadda angwaye da amare daga sassan Sudan kan zo su sha ruwanta. Daga Kasala hanya ta miƙe arewa cikin ƙasar Beja, ta ratsa tsaunukan Bahar Maliya, ta sauka Sawakin da Port Sudan. Wanda ya san duwatsun Azbin a arewacin Agadas zai ga kamanni: ƙoramu busassu, itatuwan ƙaya, rijiyoyi masu nisa da juna.

Zangon mahajjata

Shekaru aru-aru mahajjatan Afirka ta Yamma suna bin hanyar ƙasa daga Kano da Barno, su ratsa Wadai da Darfur da Kordofan, su ƙetare Nilu, su nufi gaɓar teku. Tafiyar kan ɗauki shekaru, don ana tsayawa a yi noma ko ƙodago a tara guzuri. Ƙaura mafi girma ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar a wajajen 1906. Daga baya aikin auduga na Jazira, wanda ya kankama da madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, da layin dogo da ya haɗa Kasala da Gadarif da Sinnar a ƙarshen shekarun 1920, suka ƙara janyo mutane.

Ayarin mahajjata yana da madugu, yana da jagora, kuma ba a sauka sai inda aka san akwai ruwa kusa. Ana ɗan nesanta da rijiya don kada a tare wa makiyaya hanya, ana aika mutum ya gai da shehin wurin, ana raba gadi da dare. Zango da yawa sun zama ƙauyuka da unguwanni. Masanin nan C. Bawa Yamba, a littafinsa na 1995 kan mutanen Afirka ta Yamma a Sudan, ya bayyana yadda jikokin waɗanda suka sauka da niyyar wucewa suke ci gaba da ɗaukar kansu mahajjata da ke kan hanya. A Sudan ana kiran waɗannan al'ummomi Takari ko Fallata.

Filin wa ne?

A dokance, dokar 1970 kan filayen da ba a yi wa rajista ba ta mayar da irin waɗannan filaye mallakar gwamnati. A aikace kuwa kowane yanki dar ne na wata ƙabila, ƙarƙashin nazir da omda da shehi. Makiyaya, rijiya, hafir (tafkin da aka haƙa don tara ruwan damina), har da itacen da ake sassara, duk an san wanda ke da haƙƙi a kansu. Baƙo mai wucewa ba ya biyan kuɗin kwana, kuma al'adar Shukuriyya da Beja da Rashayida ita ce a karɓe shi da ruwa da shayi ko jabana, gahawar nan mai citta. Amma ana jiran ya yi sallama, ya faɗi daga ina yake da inda ya nufa. Hausawa ma suna cewa baƙo ba sallama mugu ne.

Bambanci tsakanin mai wucewa da mai zama ba ƙaramin abu ba ne. Kwana ɗaya ko biyu karamci ne. Kafa rumfa, haƙa rijiya ko share gona kuwa da'awar ƙasa ce. Manyan gonakin tarakta sun cinye burtali da dama a kudancin Butana, don haka husuma tsakanin manoma da makiyaya kan taso kusan kowace kaka. Hausawan Sudan sun san zafin wannan batu: rikicin jihar Blue Nile na Yulin 2022, wanda ya jawo asarar rayuka masu yawa da zanga-zanga a Kasala da Gadarif, ya samo asali ne daga takaddama kan sarauta da mallakar ƙasa.

Lokacin da ya dace

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne yanayi ya fi sauƙi: rana ba ta da tsanani sosai, dare yana da sanyi har a nemi bargo. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, ga guguwar ƙura da ake kira habub. Damina, daga Yuni zuwa Oktoba, ita ce lokacin da Butana ke yin kore, makiyaya su taru daga ko'ina, amma a lokacin ne laka ke kama mota ta yi kwanaki ba ta fita ba.

Haɗari mafi saurin kisa a gindin dutse shi ne ambaliya. Ƙorama busasshiya, wadda ake kira khor, tana da yashi mai laushi da inuwa, sai ta ja hankalin mai neman wurin kwana. Ruwan da aka yi a kan tsauni mai nisa yakan gangaro cikinta da dare ba tare da ko ɗigo ya sauka a wurin ba. Kogin Gash da ya ratsa Kasala busasshe ne mafi yawan shekara, amma ya sha cinye unguwanni da damina. A Agustan 2024 madatsar Arba'at a tsaunukan Bahar Maliya ta fashe bayan mamakon ruwa, ta share ƙauyuka. Saboda haka masu sanin daji kan sauka a kan tudu.

Ruwa da lafiya

Hukumomin agaji suna lissafa lita 15 ga mutum ɗaya a rana don sha da girki da tsafta. A lokacin zafi abin sha kaɗai kan kai lita biyar ko fiye. Mai mota yana ɗaukar jarkoki da rarar kwana biyu, yana kuma raba ruwan a mazubi daban-daban don kada fashewar ɗaya ta bar shi hannu wofi. Ruwan hafir mutane da dabbobi ne ke sha tare, dole a tafasa shi ko a sa masa kulorin, musamman tun da kwalara ta ɓarke a Kasala da Gadarif a 2024.

Jihar Gadarif tana cikin wuraren da cutar kala'azar ta fi yawa a duniya. Wani ɗan ƙaramin ƙuda ne ke yaɗa ta, yana fakewa cikin tsagar laka da kurmin dushe da aduwa, musamman kusa da kogunan Atbara da Rahad, yana cizo da dare a watannin bazara. Alamun kan bayyana bayan makonni ko watanni: zazzaɓin da ya wuce mako biyu, rama, kumburin saifa. Idan ba a yi magani ba, kusan duk wanda ta kama tana kashe shi. Wannan na da muhimmanci ga masu komawa Nijar ko Najeriya ko Cadi, domin likita zai iya ɗaukarta zazzaɓin cizon sauro idan ba a gaya masa inda aka kwana ba. Kariya ita ce gidan sauro mai magani da ƙananan ƙofofi, da nesantar waɗannan itatuwa. Kunama da kububuwa kuma suna ɓuya ƙarƙashin duwatsu, shi ya sa mutanen ƙasar ke kwana a kan angarib, gadon igiya, suna kuma kakkaɓe takalmi kafin su sa da safe.

Tsaro a halin yanzu

Tun kafin yaƙi akwai wuraren da ba a kwana. An binne nakiyoyi a yankunan iyakar Eritiriya lokacin tawayen gabas, wanda ya ƙare da yarjejeniyar Asmara a Oktoban 2006, kuma ko bayan aikin tono su, ba a barin hanyar da mutane da dabbobi suka saba bi. Yankin Fashaga, a kan iyakar Habasha, ana ta arangama a cikinsa tun ƙarshen 2020.

Yaƙin soja da dakarun RSF ya sauya komai. Gadarif da Kasala sun ci gaba da zama a hannun soja, amma faɗuwar Wad Madani a Disamban 2023 da ta Sinja a tsakiyar 2024 ta koro dubban ɗaruruwan mutane zuwa gabas, a kan 'yan gudun hijirar Tigray da ke sansanonin Um Rakuba da Tunaidiba. Faɗa ya shiga sassan Butana, jirage marasa matuƙa sun kai hari Gadarif a 2024, sun kai Kasala da Port Sudan a Mayun 2025. Shingayen bincike sun yawaita, kuma baƙon da aka gani shi kaɗai a daji, ko yana ɗaukar hoto kusa da gada ko madatsar Khashm al-Girba, ana iya zarginsa da leƙen asiri.

Don haka yawon buɗe ido ya tsaya. Waɗanda ke kwana a fili yau su ne makiyaya, ma'aikatan girbin riɗi da dawa, direbobin manyan motoci, da iyalan da yaƙi ya raba da gidajensu. Wanda larura ta sa dole ya bi hanyar, abin da ayarin mahajjata ya saba yi shi ne har yanzu ke tsare rai: a tafi cikin jama'a, a riƙe takardun shaida, a sanar da dangi inda za a sauka tun kafin layin waya ya ɗauke, a isa zango da sauran rana, a gai da shehin ƙauye mafi kusa, a kuma tambaye shi inda ya dace a shimfiɗa tabarma.