Roland Garros: Abubuwan da masana ke dubawa kafin hasashen wanda zai ɗauki kofi

A ƙarshen watan Mayu na kowace shekara hankalin masu bibiyar wasan tanis kan koma birnin Paris na ƙasar Faransa, inda ake buga gasar Roland Garros. Ita ce ta biyu a jerin manyan gasa huɗu na shekara da ake kira Grand Slam, kuma ita kaɗai ce a cikinsu ake yi a filin jan ƙasa. Maza 128 da mata 128 ke shiga ɓangaren 'yan ɗaiɗai, kuma sai ɗan wasa ya yi nasara sau bakwai a jere cikin mako biyu kafin ya ɗaga kofi.

Kusan shekara ashirin hasashen ɓangaren maza bai ba kowa wahala ba. Rafael Nadal na ƙasar Sifaniya ya ci gasar sau 14 tsakanin 2005 da 2022, ya yi nasara a wasa 112, sau huɗu kacal aka doke shi. Tun da ya yi ritaya a watan Nuwamba na 2024, dole mai hasashe ya koma yin lissafi irin na da, kuma lissafin daga ƙasar filin yake farawa.

Abin da jan ƙasa ke yi wa wasa

Ƙasar da ake gani a talabijin garin jan bulo ne da aka niƙa, aka shimfiɗa shi siriri, kaurinsa bai wuce milimita biyu ba, a kan farar ƙasa da tsakuwa. Idan ƙwallo ta faɗi a kai, garin kan riƙe ta kaɗan, sai gudunta ya ragu, ta kuma tashi sama fiye da yadda take yi a filin ciyawa ko na daɓe. Saboda haka bugun farawa mai ƙarfi, wanda kan ba ɗan wasa maki a ɓagas a Wimbledon, a Paris sau da yawa dawo masa da shi ake yi. Musayar ƙwallo kan yi tsawo, kuma wanda ya iya murza ta ta riƙa juyi kamar katantanwa, ta tashi har kafaɗar abokin karawa, shi ke juya wasan yadda yake so. Da wannan bugu na hannun hagu Nadal ya daɗe yana gasa wa Roger Federer aya a hannu.

Akwai kuma sulɓi. A jan ƙasa ɗan wasa kan zame ne ya iske ƙwallo, ya buga ta yana cikin zamewar, sannan ya juyo. Waɗanda suka tashi a filayen Sifaniya da Italiya da Ajantina tun suna yara suke koyon wannan, shi ya sa bai zama musu aiki ba. Wanda ya koya da girma kan buga ƙwallon tukuna sannan ya zame, sai ya makara wajen komawa tsakiyar fili.

Wannan ne dalilin da ya sa manyan sunaye da dama suka gama wasa babu kofin Paris. Pete Sampras na Amurka ya ci manyan gasa 14, amma iyakarsa a Roland Garros wasan kusa da na ƙarshe a 1996. Boris Becker na Jamus bai taɓa cin kofin 'yan ɗaiɗai a jan ƙasa ba. John McEnroe ya kai wasan ƙarshe a 1984, ya ci turmi biyu na farko, Ivan Lendl ya farke ya doke shi. Turmi a nan shi ne rukunin wasa da ake ci idan an kai shida. Maza sai sun ci uku cikin biyar, mata kuma biyu cikin uku.

Jerin gwanayen duniya ba ya faɗin komai da komai

Ana tsara jerin gwanayen duniya da makin da ɗan wasa ya tara cikin mako 52, kuma mafi yawan manyan gasa a filin daɓe ake buga su. Don haka mai matsayi na biyar zai iya zama bai kai mai matsayi na ashirin haɗari ba idan aka zo jan ƙasa. Tarihin gasar cike yake da misalai. Gustavo Kuerten na Brazil yana matsayi na 66 ya ci kofin a 1997. Gaston Gaudio na Ajantina yana na 44 ya ci a 2004. A ɓangaren mata, Jelena Ostapenko ta Latviya ta ci a 2017 tana ta 47, kuma shi ne kofinta na farko a manyan gasa baki ɗaya, sannan Iga Swiatek ta Poland ta ci a 2020 tana ta 54.

Amfanin jerin a wajen jadawali yake. Da shi ake ware 'yan wasa 32 don kada su haɗu da juna a zagayen farko, ana kuma raba na ɗaya da na biyu ta yadda ba za su gamu ba sai a wasan ƙarshe. Sauran ƙuri'a ce. A 2024 Nadal ya dawo daga jinya matsayinsa ya faɗi, ƙuri'a ta haɗa shi da Alexander Zverev tun zagayen farko, aka fitar da shi nan take. A 2015 Novak Djokovic na Sabiya ya doke Nadal a zagayen 'yan takwas, kowa ya ɗauka hanya ta buɗe masa, sai Stan Wawrinka ya tare shi a wasan ƙarshe. Duk hasashen da aka yi kafin a fitar da jadawali, rabinsa zato ne.

Monte Carlo, Madrid da Roma

Kafin Paris akwai kimanin mako shida na gasa a jan ƙasa a Turai: Monte Carlo da Barcelona a watan Afrilu ga maza, Stuttgart ga mata, sai Madrid da Roma ga kowa. A nan ne ake auna yanayin 'yan wasa, amma ba dukkansu ke da nauyi ɗaya ba.

Madrid tana kan tudu, kimanin mita 650 sama da teku. Iskar wurin ba ta da nauyi, ƙwallo kan fi gudu, mai bugun farawa mai ƙarfi kan samu sauƙi. Federer ya ci Madrid sau biyu a kan ƙasa, a 2009 da 2012, amma bai taɓa cin Roma ko Monte Carlo ba. Shi kuwa Nadal ya ci Monte Carlo sau 11, Roma sau 10, Madrid kuma sau huɗu tun da aka mayar da ita jan ƙasa a 2009. Yanayin Roma da Monte Carlo ya fi kama da na Paris, shi ya sa masana suka fi ba su muhimmanci. Ons Jabeur ta Tunisiya ta ci Madrid a 2022, ta kai wasan ƙarshe a Roma, ta isa Paris ana ƙirga ta cikin na gaba-gaba, sai Magda Linette ta fitar da ita a ranar farko. Casper Ruud na Norway ya ci Madrid a 2025, aka cire shi a zagaye na biyu a Paris yana fama da gwiwa.

Ita ma Roma ba ta da tabbas. Daniil Medvedev, wanda bai taɓa ɓoye cewa ba ya son jan ƙasa ba, ya ci ta a 2023, mako ɗaya da 'yan kwanaki bayan haka wani ɗan Brazil da ya shigo ta wasannin neman gurbi, Thiago Seyboth Wild, ya fitar da shi a zagayen farko. Wanda ya ci kofin Paris a wannan shekarar, Djokovic, bai ci ko ɗaya daga gasannin da suka gabata ba. Haka Carlos Alcaraz na Sifaniya a 2024: ciwon hannu ya hana shi buga Monte Carlo da Barcelona da Roma, a Madrid ma zagayen 'yan takwas ya tsaya, amma shi ya ɗauki kofin. Waɗanda suka ci manyan gasa ukun na wannan shekarar, Stefanos Tsitsipas da Andrey Rublev da Zverev, ɗaya ne kawai cikinsu ya kai wasan ƙarshe.

Abin da ya fi kofi ɗaya bayani shi ne yawan nisa da ɗan wasa ke yi mako bayan mako. Coco Gauff ta Amurka ta sha kashi a wasan ƙarshe a Madrid da kuma Roma a 2025, wasu suka ɗauki hakan a matsayin rauni, alhali ita ce macen da ta fi kowa tsayawa da ƙafarta a wannan kakar. Ita ta ci Paris. Idan kuwa mutum ɗaya ya haɗa komai, kamar Swiatek da ta ci Madrid da Roma a 2024, ko Alcaraz da ya ci Monte Carlo da Roma a 2025, to hasashe ya yi sauƙi.

Jiki da yanayi

A Monte Carlo da Madrid da Roma maza turmi biyu cikin uku suke bugawa. A Paris uku cikin biyar ne, kuma wannan bambanci shi ke tace 'yan wasa. Matashi mai zafin nama zai iya kayar da gwani cikin awa ɗaya da rabi, amma riƙe wannan zafin na awa huɗu wani abu ne daban. Wasan ƙarshe na 2025 ya ɗauki awa 5 da minti 29, mafi tsawo a tarihin wasannin ƙarshe na gasar. Jannik Sinner na Italiya ya ci turmi biyu na farko, a turmi na huɗu sau uku yana neman maki ɗaya tak ya ɗaga kofi, Alcaraz ya hana shi, ya kuma cinye wasan.

Shi kansa Alcaraz jijiyoyinsa sun ɗaure a wasan kusa da na ƙarshe da Djokovic a 2023. Zverev ya yi mummunan rauni a idon sawu yana karawa da Nadal a 2022, aka fitar da shi a keken marasa lafiya. Djokovic ya janye a 2024 kafin zagayen 'yan takwas saboda gwiwa. Don haka mai hasashe kan bi labarin lafiyar ɗan wasa fiye da sakamakonsa, ya kuma lura da yawan awannin da ya ƙone a makon farko. Wanda ya buga turmi biyar sau biyu kafin zagaye na huɗu kan biya bashin a mako na biyu.

Yanayin sama ma yana da nasa hannun. Idan rana ta buɗe, ƙasa kan bushe, ƙwallo ta yi tsalle, masu murza ta su ji daɗi. Idan an yi yayyafi ko sanyi, ƙwallo kan yi nauyi, ta kwanta. Tun 2020 babban filin Philippe-Chatrier ke da rufi, daga 2021 aka fara wasan dare, kuma wasan dare cikin sanyi ya bambanta ƙwarai da na tsakar rana. Iska mai ƙarfi ta kaɗa a wasan ƙarshe na mata na 2025, Aryna Sabalenka mai bugu da ƙarfi ta tafka kurakurai 70, Gauff mai haƙurin mayar da ƙwallo ta yi nasara. Sai dai kada a cika dogaro da yanayi: a 2020 annobar korona ta sa aka buga gasar cikin sanyin Oktoba da sabuwar ƙwallo mai nauyi, aka yi ta cewa Nadal zai wahala, ya ci kofin ba tare da an karɓe masa turmi ko ɗaya ba.

Sunayen da tarihin baya-bayan nan ke nunawa

A ɓangaren maza, Alcaraz, mai kofin 2024 da 2025, da Sinner, wanda ya kai wasan ƙarshe na 2025 ba a ci shi turmi ba, su ne ma'auni muddin sun iso da lafiya. Bayansu akwai Zverev, wanda ya kai wasan kusa da na ƙarshe ko sama da haka shekara huɗu a jere daga 2021, da Ruud mai wasan ƙarshe biyu, da Lorenzo Musetti na Italiya. Djokovic, mai kofi uku da lambar zinare ta Olamfik da ya ci a wannan fili a 2024, an haife shi ne a 1987, kuma tambayar da ke kansa ita ce ko jikinsa zai ɗauki wasa bakwai.

Ɓangaren mata ya fi buɗewa, domin a turmi biyu cikin uku babu lokacin gyara kuskure. Swiatek na da kofi huɗu, amma Sabalenka ta katse mata nasara 26 a jere a Paris a 2025. Akwai Gauff, da Jasmine Paolini wadda ta kai wasan ƙarshe a 2024 ta kuma ci Roma a 2025, da matashiya Mirra Andreeva.

Su kuwa masu masaukin baƙi sun daɗe suna jira. Namiji na ƙarshe ɗan Faransa da ya ci kofin shi ne Yannick Noah a 1983, wanda mahaifinsa ɗan Kamaru ne, kuma a birnin Yaounde Arthur Ashe ya gano shi yana yaro. Mace ta ƙarshe ita ce Mary Pierce a 2000. A 2025 Lois Boisson, tana matsayi na 361 a duniya, ta shiga gasar da gurbin alfarma, ta doke Jessica Pegula da Andreeva, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Gauff ta tsayar da ita.