Tsakanin Gona da Asibiti: Nazari kan Taimakon Farko a Karkarar Abuja

Idan aka ce Abuja, tunanin mutane yakan tsaya a Maitama da Asokoro. Amma yankin Babban Birnin Tarayya da aka ƙirƙira a 1976 ya haura murabba'in kilomita 7,000, kuma a ƙananan hukumomin Kuje, Kwali, Abaji da Bwari akwai ƙauyukan da damina ke yanke musu hanya. Manomin da maciji ya sara a gonarsa wajen Rubochi, kafin babur ya kai shi asibitin koyarwa na Gwagwalada, ransa yana hannun wanda ya fara isa kansa: ɗan uwansa, ko makiyayi, ko ɗan acaɓa.

Saran maciji ne ya fi fito da matsalar fili. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta sa shi cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017, ta ƙiyasta yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 duk shekara. A ƙasarmu kububuwa ce kan gaba, kuma dafinta hana jini daskarewa yake yi. Daga nan za a gane illar abin da muka saba. Wanda ya yi tsaga a wurin saran don "fitar da dafi" ya buɗe wa jini ƙofar da ba za ta rufu ba. Wanda ya ɗaure ƙafa tamau da igiya ko robar taya ya hana jini zagayawa, har takan kai ga yanke ƙafar. Tsotsa da baki ba ta cire komai. Da kyakkyawar niyya ake yin waɗannan duka, shi ya sa hana su ke da wuya, kuma abin yana damuna ƙwarai.

Abin da ya dace bai kai wannan wahala ba. A kwantar wa mutum da hankali, a cire zobe da agogo kafin kumburi, a tallafe gaɓar da sanda kada ta motsa, a ɗauke shi, kada ya taka, a nufi asibitin da ke da allurar kashe dafi. Asibitin Kaltungo a Gombe ya daɗe da nuna cewa wanda aka kai da wuri yawanci yana tashi.

Haka zancen yake a hatsarin hanyar Abuja zuwa Lokoja, ko saran adda a gona. Jinin da ke tsartuwa na iya kashe mutum cikin mintuna, alhali danne raunin da ƙyalle mai tsabta, ba sassautawa, yakan tsayar da shi. Wanda ya suma amma yana numfashi a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa ruwa. Kiran 112, ko 122 na hukumar kiyaye haɗurra, sai inda waya ke samun sabis.

A ganina masu koyarwar ba su yi ƙaranci ba. Ƙungiyar Red Cross ta Najeriya tana horar da mutane, ga kuma 'yan agajin Jama'atu da na Izala da Fityanu a kusan kowane masallacin Juma'a. Sai dai horon ya fi taruwa a cikin gari, inda asibiti ke kusa. Kamata ya yi a kai shi tashoshin acaɓa, da rugage, da kasuwannin ƙauye, cikin Gbagyi da Fulatanci da Hausa, kafin faɗuwar damina, lokacin da manoma ke komawa cikin ciyawa da fartanya.